Hannun Mutum-mutumi da Sarƙar Furotin: Tambayoyi da Amsoshi a Kan Lissafin da Ya Haɗa Su

Injiniyan da ke tsara hannun ƙarfe mai yin walda a masana'antar motoci da masanin da ke nazarin furotin a ɗakin bincike ba su cika zama a taro ɗaya ba. Duk da haka, an daɗe da lura cewa sau da yawa matsala guda suke fama da ita, sai dai kowa da sunan da yake kiranta. Tambayoyin da ke tafe sun shafi wannan haɗuwa, da amfanin da aka samu a cikinta, da kuma inda ta tsaya.

Me ya haɗa mutum-mutumi da furotin tun farko?

Ƙirar jikinsu ce ta haɗa su. Furotin sarƙa ce ta ƙananan sinadarai da ake kira amino asid, waɗanda iri 20 ne, jere ɗaya bayan ɗaya kamar 'ya'yan carbi. Kowane amino asid yana ba da ƙwayoyin zarra uku ga ƙashin bayan sarƙar: naitirojin ɗaya da kabon biyu. Tazarar da ke tsakanin waɗannan ƙwayoyi ba ta wuce angistirom ɗaya da rabi ba ko kusa da haka, shi kuwa angistirom kashi ɗaya ne cikin biliyan goma na mita. Abin lura shi ne tsawon waɗannan haɗe-haɗe da buɗewar kusurwar da ke tsakaninsu ba sa canzawa sai ɗan abin da ba a rasa ba. Abin da ke canzawa sosai shi ne juyawar da sarƙar take yi a kan haɗin kansa, kamar yadda ƙyaure yake juyawa a kan hinji. A kowane amino asid akwai irin wannan juyi guda biyu, waɗanda masana suke kira da haruffan Girka fai da sai. Akwai na uku mai suna omega, amma shi kusan a ƙage yake a kan digiri 180.

Hannun mutum-mutumi ma haka yake: sanduna masu tauri da gaɓoɓi masu juyawa. A 1955 Jacques Denavit da Richard Hartenberg suka nuna cewa lambobi huɗu sun isa a bayyana dangantakar kowace gaɓa da wadda ke bi mata. Idan gaɓar mai juyawa ce, uku daga cikin lambobin suna nan daram, ɗaya ce kawai take canzawa. Wanda ya rubuta ƙashin bayan furotin da wannan tsari zai ga lissafin ya zauna daidai ba tare da an matsa masa ba. Har ma iyakar da injiniya yake sanya wa kowace gaɓa tana da takwara a nan, domin a 1963 G. N. Ramachandran da abokan aikinsa a Madras ta ƙasar Indiya sun zana taswirar da ta nuna cewa mafi yawan haɗin fai da sai ba za su yiwu ba, saboda ƙwayoyin zarra za su yi karo da juna.

To, girmansu ɗaya ne a wajen lissafi?

Ko kusa. Hannun da aka saba gani a masana'anta gaɓoɓi shida gare shi. Ƙaramar furotin mai amino asid 100 tana da kusan gaɓoɓi 200 a ƙashin bayanta kaɗai, ban da na rassan da ke fitowa daga gefe. Himogulobin, furotin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jini, tana da amino asid 574 a sarƙoƙi huɗu, wato gaɓoɓinta sun haura dubu.

A 1969 Cyrus Levinthal ya jawo hankali ga abin da wannan yawa yake nufi. A ɗauka cewa kowace gaɓa matsayi uku kacal take iya ɗauka. Sarƙa mai gaɓoɓi 200 za ta sami siffofin da yawansu ya kai lamba ɗaya da sifili 95 a bayanta. Babu kwamfutar da za ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ita ma furotin ba haka take yi ba, tunda da yawansu kan naɗe kansu cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Saboda haka duk dabarar da za a aro daga fannin mutum-mutumi sai ta kasance mai iya aiki ba tare da ta leƙa kowane lungu ba.

Mene ne lissafin gaba da lissafin baya?

Lissafin gaba shi ne a ba ka kusurwar kowace gaɓa, kai kuma ka faɗi inda ƙarshen hannun zai tsaya. Wannan mai sauƙi ne, ana bin gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya ana tara juyi da matsawa har a kai ƙarshe. Lissafin baya shi ne a nuna maka inda ake so ƙarshen hannun ya kai da yadda ake so ya fuskanta, kai kuma ka nemo kusurwoyin. A nan gizo yake saƙa.

Domin a ɗauki kofin shayi ba tare da an zubar ba, sai an cika sharuɗɗa shida: uku na wurin da kofin yake, wato gaba ko baya, dama ko hagu, sama ko ƙasa, sannan uku na yadda tafin hannu zai karkata. Shi ya sa ake ba hannun masana'anta gaɓoɓi shida. Hannun ɗan Adam kuwa, daga kafaɗa zuwa wuyan hannu, hanyoyin motsi bakwai gare shi, kuma mai karatu zai iya gwada rarar da kansa: ya dafa tafin hannunsa a kan tebur, ya tsayar da kafaɗarsa, zai ga har yanzu gwiwar hannun tana iya lilo ciki da waje. Wannan motsi da ya rage bayan an ƙulle farko da ƙarshe shi ne ainihin abin da masu nazarin furotin suke nema.

A ina wannan lissafin baya yake bayyana a jikin furotin?

Yana bayyana a sassan da ake kira madauki. Furotin da ta naɗe tana da sassa masu tsari, wasu a murɗe, wasu a shimfiɗe, sannan akwai gajerun igiyoyi da ke haɗa wannan sashe da wancan. Waɗannan igiyoyi su ne madaukai. Su ne suka fi motsi, su ne suka fi wuyar gani a hoton da ake ɗauka da hasken eksire, har wani lokaci a bar gurbinsu babu komai, kuma sau da yawa a nan aikin furotin yake. Misali, furotin na garkuwar jiki tana kama baƙon abu ne da madaukai shida da ke bakinta, kuma ɗaya daga cikinsu, wanda ake kira H3, ya yi ƙaurin suna wajen wuyar hasashe.

Madauki yana manne da sauran furotin ta farkonsa da ƙarshensa. Idan aka juya gaɓa ɗaya a tsakiyarsa, ƙarshen zai kauce daga inda ya kamata ya manne, sarƙar ta tsinke a cikin lissafi. Dole ne a juya wasu gaɓoɓin don a maido da shi, kuma sharuɗɗan shida ne, kamar na kofin shayi. Amino asid uku suna ba da gaɓoɓi shida, wato daidai da hannun masana'anta.

Tarihin warware wannan matsala ya bi hanyoyi biyu da suka daɗe ba su san da juna sosai ba. A ɓangaren kimiyyar sinadarai, Nobuhiro Go da Harold Scheraga na Jami'ar Cornell sun tsara lissafin rufe sarƙa tun 1970. A ɓangaren injiniyoyi kuwa, matsalar hannu mai gaɓoɓi shida da aka jera ta kowace fuska ta gagari mutane shekara da shekaru, har Ferdinand Freudenstein ya kwatanta ta da dutsen Everest na wannan fanni. Sai a 1988 masana biyu 'yan ƙasar Sin, Lee da Liang, suka nuna cewa amsoshinta ba sa wuce 16, daga baya Raghavan da Roth na Jami'ar Stanford suka fito da hanya mai tsabta ta samo su. A 2004 Evangelos Coutsias da Chaok Seok da Matthew Jacobson da Ken Dill suka haɗa hanyoyin biyu a fili, suka mayar da rufe madaukin furotin zuwa lissafi ɗaya mai daraja 16, wanda kowace amsarsa ta gaske take ba da siffa ɗaya ta madaukin. Lamba 16 da ta fito a ɓangarorin biyu ba dace ba ce; matsalar ce guda.

Idan madaukin ya fi amino asid uku, sai a yi dabara. Madauki mai amino asid 12 yana da gaɓoɓi 24. Sai a zaɓi amino asid uku su zama maƙallai, a ba sauran gaɓoɓi 18 kusurwoyin da taswirar Ramachandran ta yarda da su, sannan a warware shidan da suka rage da lissafin baya, a maimaita sau dubbai ana tantance wanda ya fi dacewa. A 2009 Daniel Mandell da Coutsias da Tanja Kortemme suka saka wannan hanya cikin Rosetta, manhajar kwamfuta ta hasashen siffar furotin, suka nuna cewa tana iya sake gina madaukai masu amino asid 12 da kuskuren da bai kai angistirom ɗaya ba a yawancin gwaje-gwajensu.

Babu hanyar da ta fi wannan sauƙi?

Akwai, kuma ita ma daga wajen injiniyoyi aka aro ta. Wang da Chen sun gabatar da ita a 1991 don hannun mutum-mutumi, sannan Adrian Canutescu da Roland Dunbrack suka kawo ta fagen furotin a 2003. Da haruffan CCD aka fi saninta. Ana ɗaukar gaɓa ɗaya kawai, a ƙyale sauran, a juya ta gwargwadon da zai fi kusanto da ƙarshen sarƙa ga inda ake so. Sai a koma gaɓa ta gaba a yi haka, har a kai ƙarshe, a sake dawowa farko. Ɗalibi zai iya rubuta ta a shafi ɗaya, kuma ba ruwanta da tsawon madauki. Rauninta shi ne amsa ɗaya take bayarwa a kowane gwaji, kuma takan ɗora yawan juyin a kan gaɓoɓin da ta fara taɓawa.

Ta yaya dabarun nema wa mutum-mutumi hanya suka shiga wannan fanni?

Masu lissafi suna da wata tsohuwar matsala da suke kwatantawa da fitar da babban kaya daga ɗaki mai ƙaramar ƙofa ba tare da an goga shi a bango ba. Duk wanda ya taɓa fitar da gado daga ɗakin amarya ya san ta. A ƙarshen shekarun 1970 da farkon 1980 Tomás Lozano-Pérez na jami'ar MIT ta Amurka ya yaɗa tunanin cewa a daina kallon kayan a cikin ɗaki, a ɗauki kowane yanayi da kayan zai iya kasancewa a matsayin ɗigo ɗaya a wani sarari mai fuskoki da yawa. Motsi sai ya zama layin da ya ratsa wannan sarari yana kauce wa wuraren karo.

Zana wannan sarari gaba ɗayansa ba ya yiwuwa idan gaɓoɓi suka yi yawa. A 1996 Lydia Kavraki da Petr Švestka da Jean-Claude Latombe da Mark Overmars suka wallafa hanyar da ta sauya fannin: a watsa ɗigogi barkatai, a zubar da waɗanda suka faɗa wurin karo, a haɗa maƙwabtan da ke da hanya tsakaninsu, sai a sami taswirar hanyoyi. A 1998 Steven LaValle ya kawo wata mai kama da ita, inda bishiya take tsirowa daga wurin farawa tana miƙa rassa zuwa inda ba a taka ba tukuna.

Ba a jima ba aka gwada su a kan sinadarai. A 1999 Latombe da Amit Singh da Douglas Brutlag na Stanford suka yi amfani da taswirar hanyoyi wajen nazarin yadda ƙaramin sinadari yake samun hanyar shiga gurbinsa a jikin furotin. Nancy Amato da ɗalibanta a Jami'ar Texas A&M suka yi amfani da ita wajen bin sawun naɗewar furotin, Juan Cortés da Thierry Siméon a Toulouse ta Faransa kuma suka yi aiki da bishiyoyi don gano yadda sinadari yake fita daga gurbi mai zurfi, da waɗanne rassan furotin ne sai sun kauce masa kafin ya wuce. Gyara ɗaya ya zama dole: a wajen mutum-mutumi tambayar ita ce an yi karo ko ba a yi ba, a wajen furotin kuwa kowane yanayi yana da nauyin makamashinsa, don haka ana fifita hanyar da ta bi kwari, wato inda makamashin yake ƙasa, a kan wadda ta hau tudu.

Za a iya sanin sassan da ke motsi ba tare da an kwaikwayi motsin ba?

Za a iya, ta hanyar ƙidaya, kuma asalin ƙidayar ya koma ga James Clerk Maxwell a 1864, lokacin da yake nazarin ƙarfin gine-ginen sanduna. Kowane abu mai tauri yana da hanyoyin motsi shida a sarari. Hinji yana ƙwace biyar ya bar ɗaya. Idan aka tara hanyoyin motsi aka debe waɗanda aka ƙwace, abin da ya rage shi ne sassaucin ginin. A 1995 Donald Jacobs da Michael Thorpe suka mayar da wannan ƙidaya wani tsari da suka kira wasan tsakuwa, inda kowane sashe yake riƙe da tsakuwoyi gwargwadon 'yancinsa, kowane haɗi kuma yake cin nasa rabon; inda tsakuwa ta rage, nan ne ke motsi. A 2001, tare da Leslie Kuhn da A. J. Rader a Jami'ar Jihar Michigan, suka gina manhajar FIRST a kan wannan, suka gwada ta a kan furotin ɗin da ƙwayar cutar HIV take yanka sarƙoƙinta da shi, ta kuma nuna sassaucin murafu biyun da ke buɗewa su rufe a kan gurbin da magani yake shiga. Hasashen lissafin da wannan hanya ta dogara a kansa, wanda Tay da Whiteley suka yi a 1984, sai a 2011 Naoki Katoh da Shin-ichi Tanigawa na Japan suka wallafa cikakkiyar hujjarsa.

Sai dai ƙidaya takan yi tuntuɓe, kuma akwai misali ƙarami da ya isa a riƙe. Sinadarin saikulohekzen zobe ne na kabon shida. Sassa shida sau shida, 36. Hinji shida sau biyar, 30. A debe shidan da ke na motsin zoben gaba ɗayansa, saura sifili, wato ƙidaya ta ce zoben a ƙage yake. Wanda ya haɗa zoben da sandunan roba na ɗakin gwaji zai ga cewa a siffar da ake kira kujera hakan gaskiya ne, ba ya motsi sai an tilasta masa. Amma da zarar an karya shi zuwa siffar kwalekwale, sai ya riƙa murɗawa a hannu salin-alin. Daidaiton ɓangarorinsa ne ya sa ɗaya daga cikin sharuɗɗan ya zama maimaici. Hermann Sachse ya bayyana siffofin biyu a 1890, injiniyan Faransa Raoul Bricard kuma ya gano irin wannan motsi da ya saɓa wa ƙidaya a 1897, kuma har yau masu ƙera na'urori suna kiran irin waɗannan sarƙoƙi da sunansa.

Akwai wasu dabarun da fannonin biyu suke rabawa?

Akwai da dama. Ɗora siffa ɗaya a kan wata don a auna bambancinsu matsala ce da Grace Wahba ta gabatar a 1965 a kan gano inda tauraron ɗan Adam yake fuskanta, Wolfgang Kabsch ya warware ta a 1976 don ƙwayoyin zarra, Berthold Horn kuma ya sake warware ta a 1987 don idon na'ura, da lambobi masu sassa huɗu da William Hamilton ya ƙirƙiro a Dublin a 1843. Haka nan a 1993 Abhinandan Jain da abokan aikinsa a ɗakin binciken JPL na hukumar NASA suka ɗauki lissafin motsin na'urori masu gaɓoɓi da yawa suka ɗora shi a kan sinadarai, inda aikin kwamfuta yake ƙaruwa daidai da yawan gaɓoɓi kawai. Gregory Chirikjian, wanda ya fara da mutum-mutumi mai siffar maciji, daga baya ya yi amfani da lissafin juyi da matsawa wajen bayyana lanƙwasar DNA, wadda takan riƙe miƙewarta har tsawon nanomita 50, wato angistirom 500, ko kusa da haka.

A ina kamancen yake ƙarewa?

Yana ƙarewa a inda ake tambayar me zai faru, ba me zai iya faruwa ba. Hannun ƙarfe yana da injin da ke tura kowace gaɓa da kwamfutar da ke ba shi umarni. Furotin ba ta da ko ɗaya. Tana cikin ruwa, ƙwayoyin ruwan suna dukanta ta kowace fuska ba dare ba rana, kuma siffar da za ta fi zama a ciki ta dogara ne ga makamashi da yawan hanyoyin da ke kaiwa ga siffar. Lissafin baya zai iya ba da amsa 16, amma ba zai faɗi wadda furotin ta zaɓa ba. Wannan hukunci na ilimin fiziks ne, kuma ma'aunan makamashin da ake amfani da su kimantawa ce kawai.

A ganina a nan ne wasu masu sha'awar fannin suke wuce gona da iri. Hanyar da taswira ta nuna hanya ce mai yiwuwa, ba shaida ce cewa furotin tana bin ta ba, kuma ba ta faɗin tsawon lokacin da tafiyar take ɗauka sai an ƙara wani lissafi a kai. Amfanin dabarun shi ne rage wahalar nema. Kwaikwayon motsin ƙwayoyin zarra kai tsaye yana tafiya ne da taku na femtosakan ɗaya ko biyu, wato kashi ɗaya cikin miliyan sau biliyan na daƙiƙa, saboda haka kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa yana cin taku biliyan 500 ko fiye. Dabarun mutum-mutumi suna nuna inda ya cancanci a kashe wannan lokaci mai tsada.

Shin AlphaFold bai rufe wannan babi ba?

Bai rufe ba, hasali ma ya ɗauki wani abu daga cikinsa. AlphaFold na biyu, tsarin kwamfuta mai hasashen siffar furotin wanda kamfanin DeepMind na Landan ya yi zarra da shi a gasar hasashen siffar furotin ta 2020, yana ɗaukar kowane amino asid a matsayin ƙaramin abu mai tauri da ke da wurinsa da fuskarsa, wato lambobi shidan nan da injiniya yake bayyana ƙarshen hannu da su, kuma an gina shi yadda amsarsa ba za ta canza ba idan aka juya furotin ɗin gaba ɗaya. Abin mamaki shi ne a matakan farko yakan bar sarƙar a tsinke, kowane sashe ya nemi wurinsa, daga baya a ɗinke. A 2024 Demis Hassabis da John Jumper suka raba kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai da David Baker, wanda a ɗakin bincikensa aka fara Rosetta.

Abin da AlphaFold ya fi ƙwarewa a kai shi ne siffa ɗaya tsayayya, alhali furotin da motsi take aiki. Himogulobin ta isa misali. Idan ta saki oksijin, rabinta yakan juya kimanin digiri 15 a kan ɗayan rabin. A cutar sikila, wadda iyalai da yawa a ƙasar Hausa suka sani a gida, amino asid ɗaya ne ya canza a matsayi na 6 na sarƙar beta, ɗaya daga cikin irin sarƙoƙin himogulobin, falin ya maye gurbin gulutamik asid. Wannan canji yana yin ɓarnarsa ne a siffar da ba ta ɗauke da oksijin, domin a nan falin ɗin yake samun gurbin maƙalewa a jikin maƙwabciyar himogulobin, su jeru su zama zaruruwa masu tauri da ke lanƙwasa ƙwayar jini kamar lauje. Hoto ɗaya na furotin ɗin ba ya bayyana wannan, sai an san siffofin biyu da hanyar da ke tsakaninsu.

Me ɗalibin da ke son shiga fannin ya kamata ya fara koya?

Ya fara da aljabarar jadawalin lambobi, musamman yadda ake rubuta juyi a sarari mai fuska uku, sannan ilimin yiwuwa da rubuta manhaja da harshe irin Python. Ta ɓangaren halitta, ya san amino asid 20 da taswirar Ramachandran. Kayan gwaji kyauta suke: taskar siffofin furotin ta PDB, wadda aka kafa a 1971, tana ɗauke da siffofi sama da 200,000 da kowa zai iya saukewa ta intanet. Gwaji mai kyau na farko shi ne ya sauke furotin ɗaya, ya goge madauki mai amino asid takwas, ya rubuta CCD da hannunsa ya sake rufe gurbin, sannan ya ɗora abin da ya samu a kan na asali da hanyar Kabsch ya ga angistirom nawa ya kauce.